Ƙofar da Ta Kalli Majalisa

Da sunan Allah nake farawa, Shi da Ya bar mini numfashi har na kai ga riƙe biro. Karatuna bai yi nisa ba. Firamare na ɗan taɓa, sai makarantar matan aure da nake zuwa yanzu, saboda haka in kun ga baƙi ya karkace ku miƙe shi a ranku ku wuce. Ku nake rubuta wa, kai Abba da ke Ummi, duk da cewa yanzu ko sunanku ba ku gama iya rubutawa ba. Babanku yana yi mini dariya, wai tsofaffi ne suke rubuta tarihinsu, ni ko furfura ɗaya ban yi ba. Na ce masa ai ban san ko zan gan ta ba. Haka Allah Ya yi ni, mai yawan fargaba ce, in ɗayanku ya yi tari sau biyu na fara neman takalmina. Ga shi kuma labarin shekarar da aka gina asibitin garinmu ya riga ya shiga bakin mutane, kowa da yadda yake juya shi. Na fi so ku ji shi daga wurina.

Tsakaninku akwai wani ɗan'uwanku da ba ku sani ba, namiji, bai zo da rai ba. Da damina ne, gero ya kai ƙugu. Naƙuda ta kama ni a ɗaka kamar yadda take kama kowace mace a garinmu, ungozoma tana kaina, kakarku Inna tana riƙe da kafaɗata. Yaron ya fito shiru, sannan jini ya ɓalle ya ƙi tsayawa. Aka yi ta cewa a dakata a gani, a dakata a gani, har rana ta karkata. Kwarin da ke tsakaninmu da titin Ɗambatta kuwa ya cika ya tumbatsa, mota ba ta ƙetarewa. A amalanken shanu aka kai ni bakin ruwa, maza suka ɗauke ni a tabarma suka ƙetare, ruwa har ƙirjinsu. Ni ban san an yi ba, daga baya aka ba ni labari. Abin da na sani shi ne na farka a asibiti da jinin wani a jikina, likita yana gaya wa babanku cewa in Allah Ya sake kawo rabo in riƙa zuwa awo, kuma kada a yarda in haihu inda babu ma'aikacin lafiya. Ya ce jikin da ya taɓa yin haka yana iya sakewa. Wannan magana ta zauna mini a ƙirji kamar dutsen niƙa, ina daka tana nan, ina salla tana nan.

Bayan kaka sai ga labari wai gwamnati za ta gina mana ƙaramin asibiti mai ɗakin awo da ɗakin haihuwa. Ranar da na ji, ɗaki na shiga na yi sujada. Kakanku Baba, mahaifin babanku, shi ya ba da fili kyauta, gefen gonarsa da ke kusa da masallaci, inda yake shuka gyaɗa. Ba wanda ya roƙe shi. Ku riƙe wannan da kyau, don in kun ji sauran labarin kada ku ɗauka mugu ne. A gaban masallacin akwai tsohuwar ceɗiya, ƙarƙashinta dattawan gari suke zama tun hantsi har azahar, su dawo bayan la'asar har magariba. Nan ake sasanta rikicin iyakar gona, nan ake sanin wanda ya shigo gari da wanda ya fita. Tabarmar Baba ce a jikin gindin bishiyar. Nan ɗan kwangilar, wani gajeren mutum mai fara'a da ake kira Alhaji Sammani, ya zo ya tuɓe takalmi ya zauna, ya ce an umarce shi kafin ya zana taswirar gini ya ji ta bakin mutanen gari. Ni ba na wurin. Babanku ne ya ba ni labari bayan magariba, yana cin tuwo yana murna.

"Mutumin kirki ne," in ji shi. "Ya ce ina kuke so ƙofa ta kalla? Baba ya ce ta kalli gabas, ta kalli titi da masallaci. Mota ta tsaya daidai bakinta, kuma idonmu yana kai, ko akuya ba za ta shiga ba mu gani ba."

"Ko akuya?" na ce.

"Ko akuya. Ba ɓarawon da zai taɓa kayan asibitin nan."

Na zuba masa ruwa a kofi, amma akuyar nan ta tsaya mini a rai.

Ta tsagar dangar bayan gidanmu na kalli ginin yana tashi. Na ga an haƙa tushe, na ga an zuba rodi da kankare, na ga bulo yana hawa bulo har ya wuce tsayin magina, aka ɗora kwano, aka shafa fenti fari da kore. Kada kowa ya ce muku Alhaji Sammani ya yi ha'inci a aikin. Simintinsa ya ji, na ga wani lebura yana fama ƙusa ta ƙi shiga bango. Abu ɗaya ne kawai na lura da shi tun bango yana iya gwiwa: ginin baya ya juya mana. Kun san mu matan garin nan ba ta zaure muke fita ba sai da babban dalili. Akwai lungun da ya bi bayan gidaje, tsakanin danga da gonaki, ta nan muke zuwa barka, ta nan muke zuwa gaisuwa da aron turmi, daga wannan ƙarshen gari zuwa wancan ba tare da mun taka dandali ba. Lungun nan ya bi ta jikin asibitin, har kana iya shafa bangon da hannu. Amma a wannan ɓangaren ba komai sai ƙaramar taga can sama. Ƙofa ɗaya ce tal, tana kallon ceɗiya ido cikin ido.

Aka buɗe asibiti, aka turo mana ma'aikaciyar lafiya, Malama Binta, doguwar mace mai magana a tsaye, kullum da safe tana zuwa daga Ɗambatta. Maza suka riƙa zuwa karɓar maganin zazzaɓi, tsofaffi suna kai jikoki. Ɗakin awo kuwa gadonsa ko ledar ba a cire ba. A lokacin nan ne na gane ina da cikinki, Ummi. Ke da za ki girma a wani zamani, wataƙila ki ce mene ne a ciki. To a wurinmu mace ba ta nuna wa surukinta tana da ciki. Ko ya gani bai gani ba, ko ya ji bai ji ba, sai ranar da aka ce masa an sauka lafiya. In kika hango shi a hanya ma kaucewa za ki yi. Ta yaya za ki saka hijabi da hantsi, ki ratsa gaban uban mijinki da abokansa, ki shiga ɗakin da duk garin ya san abin da ake yi a cikinsa? Kowace mace mai ciki a garin nan tana da suruki ko kawun miji a gindin bishiyar. Na daure har ciki ya fara motsi, sannan na tari babanku.

"Malam, ina so in fara zuwa awo."

"Ta ina?"

"Ta ƙofa mana, ta ina kuma?"

"Ki bi ta gaban Baba? Ai gara ki hau kan rumbu ki yi shela."

"To ka yi masa magana, ko su matsa su ba mu wuri da safe."

"Ni? In ce masa me? In ce Baba, matata tana da..." Bai iya ƙarasawa ba, a ɗakinsa ma, daga ni sai shi. Ya ɗauki hularsa ya fita.

Sai na koma wurin Inna. Ita ce ta wanke ɗan'uwanku da hannunta, ta san abin da nake tsoro. Tana gyaran zogale ta ce su dai duk a ɗaka suka haifi nasu, amma za ta gwada. Washegari ta leƙo madafa ta zauna a kan turmi.

"Na yi masa magana, Saude. Ya ce a gaban baƙi ya faɗa, a kan maganarsa aka yi gini, yanzu ba zai koma ya ce ya yi kuskure ba. Ya ce mai son zuwa ta zo lokacin da suke cikin masallaci."

"Inna, naƙuda fa?"

"Haka na ce masa. Na ce naƙuda ladan take jira? Ya ce in tashi in ba shi wuri."

Ana cikin haka Malama Binta ta shigo gidanmu allurar rigakafi. Ta yi maka, Abba, ta dube ni sama da ƙasa, ta ce mu shiga ɗaki. Ta taɓa cikina, ta ja fatar idona ta duba, ta ce jinina bai kai yadda take so ba. Na ba ta labarin baya duka. Ta ce awo tana iya ɗan yi mini a gida, amma ranar haihuwa ba za ta iya ɗauko ɗaki guda a jaka ba, gado da fitila da ƙarin ruwa da sauran kaya duk a can suke. Na ce to shi ke nan, gini ya riga ya ginu. Ta ce wa ya gaya mini? Mijinta a harkar gini yake, in ji ta, ta ji zancen kwangila har ya ishe ta.

"Kwangila iri biyu ce," ta ce. "Akwai wadda gwamnati take zana abinta ta miƙa wa mai gini, ta ce yi mini wannan. In ƙofa ta kalli inda bai dace ba, ba ruwansa. Akwai kuma irin wannan ta garinku, da aka ce masa mu dai wurin da mata za su yi awo su haihu muke so, kai ka zana, kai ka gina. To taswira tasa ce, gini nasa ne. Kuma an ce ya tambayi masu amfani da wurin."

"Ai ya tambaya."

"Ya tambayi wa?"

"Su Baba."

"Su Baba ne za su haihu?"

Na toshe bakina da gefen mayafi don kada Inna ta ji dariyata. Amma na gane maganar sarai, don na san tela. In ka kai masa yadi da tsohuwar riga ka ce yi mini irin wannan, in ta matse ka laifinka ne. In kuwa ka ce masa ga ni, auna ni ka ɗinka mini abin da zan sa, ya ɗinko wadda kai ba ya shiga, shi zai farke ya gyara. Malama Binta ta ce har yanzu ginin yana wuyan Alhaji, akwai wa'adin da ake ba mai gini bayan an fara amfani da wuri, duk abin da ya bayyana shi zai gyara. In wa'adi ya cika injiniyan gwamnati zai zo dubawar ƙarshe, in ya karɓa, hannun Alhaji ya fita. Ta ce ita ta faɗa a ofis, an ce mata baƙuwa ce, mutanen gari ba su yi ƙorafi ba.

"Sai an ji daga bakin 'yar gari," ta ce. "Kuma kafin a karɓa."

Na yi kwanaki ina juya maganar. Na zaga lungu na shiga gidajen masu ciki irina, kowacce ta ce wallahi gaskiya ne, kowacce kuma ta ce ba da ita ba. Iska ta fara canjawa, gajimare yana taruwa ta gabas da yamma, maza sun fara kai taki gona. Duk sanda na ji tsawa daga nesa sai in ga kwarin nan a idona. Sai ga sanarwa daga mai unguwa cewa baƙi za su zo karɓar gini, Baba ya aiko a dafa musu abinci a gidanmu. Ni na dafa, shinkafa da miyar zabi, don tun da hannun Inna ya fara ciwo girkin Baba da na baƙinsa a kaina yake. Da na gama na zuba a kula, Inna ta tashi za ta ƙwala wa yara kira su ɗauka. Na ce ta bari. Na saka babban hijabina, na ɗora kula a ka, na nufi zaure. Inna ta ce, "Saude!" Sau ɗaya ta kira. Ban juyo ba, ita ma ba ta sake ba.

Tun da aka kawo ni gidan nan ban taɓa taka dandalin da rana tsaka ba. Ban san yana da faɗi haka ba. Kula tana ƙara a kaina, ina jin hirar majalisa tana mutuwa da kaɗan kaɗan har ta ɗauke. Malam Tanimu, aminin Baba, ya ce, "Yau kuma yara sun ƙare a gidan?" Na durƙusa nesa da tabarmi, na sauke abinci, na gaishe su. Daga nan tashi ya kamata in yi. Ban tashi ba. Na juya gefena ga Baba, na fuskanci baƙon da ke kan kujera kusa da Alhaji Sammani, wanda na tabbata shi ne injiniya. Malama Binta tana tsaye a bakin ƙofar asibiti.

"Ranka ya daɗe," na ce, idona a ƙasa, "wai yau ne za ku karɓi ginin nan daga hannun Alhaji?"

"In sha Allahu, Malama. Mun duba rufi, mun duba famfo, komai lafiya."

"Ɗakin awo fa, ranka ya daɗe? Tun da aka buɗe ba macen garin nan da ta shiga."

Alhaji Sammani ya yi dariya. "Hajiya, ni gini aka ce in yi. Ba a ce in riƙa kamo mata ina kaiwa ba."

Wasu suka yi dariya. Injiniya bai yi ba, ya ce, "Me ya hana su?"

Na san in na ce kunya ce kawai, zai gyaɗa kai ya ce a ƙara wayar wa mata da kai, su ci shinkafa su hau mota. Na ji kin motsa, Ummi, daidai lokacin. Sai na faɗa.

"Ni ina da ciki, ranka ya daɗe. Na baya ya mutu, ni ma saura kaɗan. Likita ya ce kada in haihu a gida, damina kuma ga ta nan, hanya za ta yanke. Ƙofar nan iyayen mazajenmu take kallo, ba ma iya shiga. An ce Alhaji ne ya zana, shi ya gina. Ina roƙo kafin ku karɓa a fitar mana da ƙofa ta baya."

Ban ɗaga kai ba, amma na ga ƙafafun Baba. Ya jawo takalminsa ya saka, ya ɗauki buta da sanda, ya miƙe a hankali kamar yadda yake miƙewa in an kira salla, ya wuce ta bayana. Bai ce uffan ba. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Na san za ku ji ana cewa wadda ta iya faɗar wannan a majalisa ai ta iya ratsa majalisar ta shiga awo. Ku ba su amsa da cewa wannan sau ɗaya ne, na haɗiye na yi. Ranar naƙuda kuwa ba ni ce da ikon kaina ba. Ba Inna ba, ba babanku ba, ba wanda zai yarda a fito da ni ina nishi ta gaban dattawa. Cewa za su yi a dakata a gani, ni kuwa na riga na san inda wannan maganar take kai mutum.

"Injiniya, ka dai gani," in ji Alhaji, fara'ar ta ragu. "Ni na tambaya. Ga su nan a zaune, su suka ce gabas."

Injiniya ya ce, "Ka tambaya, ba musu. Amma Alhaji, ba mu muka ba ka taswira ba, kai ka kawo mana. Abin da muka ce ka yi shi ne wurin da mata za su yi awo su haihu. In ba sa iya shiga, aikinka bai ƙare ba, ni kuma ba zan karɓa ba."

Alhaji ya ce, "To a tashi majalisar mana! A koma bayan masallaci!"

"Kai yaro," in ji Malam Tanimu, "ceɗiyar nan ta ga kakanka yana yawo ba wando. Kai ne za ka tashi, ba ita ba."

Alhaji ya cire hula ya share gumi, ya mayar. Ya dubi gininsa. Sannan ya ce a nuna masa inda muke bi. Malama Binta ta shige gaba, shi da injiniya suna biye, ni a can baya. Da muka zagaya ya ga lungun, ƙasa ta daddale ta yi sumul don taku, ya riƙe haɓa.

"Wallahi na auna filin nan gaba da baya. Na ga hanyar nan, na ɗauka ta awaki ce."

"Mun gode, Alhaji," in ji Malama Binta.

"A'a, ba haka nake nufi ba! To amma ku ma ku duba, ni namiji, baƙo, wa zai bar ni in wuce zaure in tambayi matan mutane?"

"Ba ka da mata?"

"Ina da ita."

"Da ka zo da ita."

Ya dafa bangon, ya ƙwanƙwasa, ya taka daga nan zuwa can yana magana shi kaɗai. Ya ce nan za a fasa, a zuba linta a saman ƙofa, a ja katanga ta kare daga titi, famfo ya dawo wannan gefen. Ya ce wa injiniya kafin ruwa ya zauna zai gama.

Yanzu ga abin da ya biyo baya, don kada ku ɗauka a banza na samu. Babanku ya shigo bayan la'asar, fuskarsa kamar an yi masa mutuwa. Bai ɗaga murya ba.

"Kin san abin da kika yi?"

"Na sani."

"A gaban Baba. A gaban baƙi."

"Na roƙe ka ka faɗa, Malam."

"Da kin bari na riƙa kai ki Ɗambatta."

"Da damina?"

Ya ɗauki tabarmarsa ya koma zaure, ya daɗe a can kafin ya dawo. Tuwon Baba da na aika da magariba ya dawo yadda na kai shi, faifai a kai, ko gefe ba a gutsura ba. Washegari ma haka. Daga nan Inna ta ce matar ƙanin babanku za ta karɓi girkinsa, kuma har yau da nake rubutun nan ita take yi. Matan da na shiga gidajensu suka ce mini wallahi gaskiya ne, su ne in na shiga gidan biki suke yin shiru, wata ta ce ga mai shela nan. Mahaifiyata ta aiko daga garinmu wai ita dai ba haka ta rene ni ba. Wannan ya fi komai ci mini rai, na yi kuka a bayan rumbu har idona ya kumbura. Amma ko a cikin kukan ban ji da na sani ba. Ga kuma wata matsalar: ƙasar da katanga za ta bi a baya ita ma ta Baba ce, magina suka zo suka zauna suna jira, ba mai iya tambayarsa. Inna ce ta sake shiga.

"Ya ce fili ya riga ya bayar don Allah, gaba da baya, shi ba ya karɓar kyautarsa," ta ce da ta fito. "Amma kada a sake kai masa maganar."

Alhaji Sammani ya cika alkawari. Ya zo da matarsa, wata Hajiya mai jiki da gilashi, ta bi lungu gida gida tana tambaya: katanga iya ina, banɗaki ta wane gefe, ina masu jinya za su hura wuta su dafa ruwan zafi. Matan da ba su da bakin magana a da, ranar kowacce da shawararta. Ina jin ƙarar guduma daga madafa ana fasa bangon nan da ƙusa ta ƙi shiga, magina suna tsine wa ƙarfinsa. Injiniya ya dawo ya duba, ya shiga ta sabuwar ƙofa ya fita, sannan ya karɓa. Ranar awo ta farko na yi sammako, ina cewa ni ce farko. Na tarar da wadda ta fi kowa kirana mai shela ta riga ni, tana zaune a benci tana kallon ƙafarta. Na gaishe ta, ta matsa mini.

Da hantsi kika zo, Ummi, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, kwari ya cika tun kwana biyu kafin nan. Inna ta riƙe ni muka bi lungu, ledar taki a kanmu, ina tsayawa ina kama danga in naƙuda ta murɗa. Ba wanda ya ce a dakata a gani, don ba wanda za a ji kunya a hanya. Kika fito da kukanki mai ƙarfi, ina cikin hamdala sai na ji ɗumin nan da na sani yana bin ƙafata. Na ga fuskar Inna ta canja. Malama Binta ba ta ko ɗaga murya ba, ta soka mini allura, ta ɗaura ƙarin ruwa, ta dafa marata tana murzawa da ƙarfinta duka.

"Saude, kada ki rufe mini ido. Dube ni. Ke da kika tsaya a gaban majalisa, jini ne zai kayar da ke?"

Na dube ta. Na yi ta dubanta, ina jin ruwa yana dukan kwano, har ta sassauta hannu ta ce alhamdulillahi, ya tsaya.

Baba ne ya yi miki huɗuba, shi ya zaɓa miki sunan mahaifiyarsa, shi ya sa muke kiranki Ummi. Yana ɗaukarki, yana kiranki amaryarsa, yana ajiye miki rake. Ni kuwa in na gaishe shi daga bayan ƙofa, "Uhm" ne kawai. Da ƙaramar salla ta zagayo Inna ta ce in shirya, yau ranar yafiya ce, in je in ce na yi kuskure komai ya wuce. Na goya ki, muka shiga turakarsa, na durƙusa a bakin ƙofa, Inna a bayana.

"Baba, barka da salla. Ka yafe mini ɓacin ran da na sa ka."

Ya ci gaba da jan carbi, yana jiran sauran. Inna ta zungure ni a baya. Ta sake zungura ta. Na ji nauyinki a gadon bayana, kina numfashi a wuyana, kina jan bakin hijabina da hannunki mai ɗumi. Na nemi kalmar da suke jira a bakina, na ga in na faɗe ta ƙarya zan yi a ranar salla.

"Shi ke nan?" in ji Baba. Wannan ce magana ta farko da ya yi mini tun ranar majalisa.

"Shi ke nan, Baba."

Ya ajiye carbinsa. Sannan ya miƙo hannu biyu, ba wurina ba.

"Sauko mini da ita," ya ce.

Na kwance goyo na miƙa masa ke.